Dan Allah yaranmu ƴan nazare suna samun wasa da barcin da ake cewa kuwa?

Maman Hanif (Ƙofar Ƙaura):
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina so wanda ya sani ya amsa mani tsakani da Allah ba wai a lallashe ni ba. Na ji ana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a kan yara ƴan ƙasa da shekara 5, wai ga awannin da ya kamata yaro ya yi yana wasa, ga na barci, ga kuma iyakar kallon waya da talabijin. To ni tambayata ita ce a cikin garin nan namu na Katsina akwai ma gidan da yaro ke cika abubuwan nan ukun kuwa? Ko dai ni kaɗai ce abin ya fi ƙarfina?

Bari in faɗa maku yadda ranar yarona take, bai kai shekara 4 ba tukunna. Ƙarfe 6 na safe ya tashi saboda hayaniyar yayyensa masu shirin makaranta, 7 da rabi mai Keke ya zo ya kwashe su gaba ɗaya, sai wajen ƙarfe 1 su dawo. Ya ci abinci, wani lokaci ya ɗan yi barci wani lokaci ya ƙi, la'asar na yi ya bi su Islamiyya don in ya zauna gida kuka zai yi ta yi, sai dab da magariba su shigo. To daga nan fa wayata ta zama tasa, ina girkin dare yana kallon katun a YouTube, in na amsa ya yi ta birgima a ƙasa har maƙwabta su ji, babansa ya dawo ya gaji shi ma ya miƙa mashi tasa don a samu shiru. Yanzu da zafin nan ma in an ɗauke wuta ba wanda ke iya kwanciya cikin ɗaki, muna tsakar gida har 11 na dare da shi ido biyu.

Kuma gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne ɗan ƙarami ga igiyar shanya ga durom ɗin ruwa, waje kuma ba na barinsa ya fita saboda ƴan mashin da ke gudu a layin kamar ba mutane. Wallahi abin na damuna don na lura ya zama mai saurin fushi, kuma da safe da ƙyar yake tashi. Mi ne ne ainihin ƙa'idar, kuma ya kuke yi a gidajenku?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya raya mana su. Ba ke kaɗai ba ce wallahi, kusan kullum sai mun yi maganar nan da mata a wajen awo da rigakafi. Ƙa'idar gaskiya ce, a watan Afrilu na 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ita, kuma kafin nan ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya sun yi tasu tun 2017, Afirka ta Kudu ma ta yi tata a 2018, don kar a ce abin Turawa ne kawai.

Ga irin Hanif, wato ɗan shekara 3 zuwa 4, abin da suka ce shi ne ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki a yini, awa 3 kenan, kuma a ciki a samu minti 60 na wasa mai ƙarfi irin wanda zai yi haki ya yi zufa, guje-guje da tsalle-tsalle da hawa da sauka. Ba a ce ya yi su a jere ba, tarawa ake yi daga safe zuwa dare, minti 10 nan minti 20 can. Kallo na zaune kuma, waya ce ko talabijin ko tablet, kar ya wuce awa 1 a rana kuma in ya gaza haka ya fi. Barci awa 10 zuwa 13 cikin awa 24, har da na rana a lissafin, kuma a yi ƙoƙari lokacin kwanciya da na tashi ya zama kusan ɗaya kullum. Ƴan shekara 1 zuwa 2 barcinsu awa 11 zuwa 14 ne, su ma awa 3 na motsi, ɗan shekara 1 ba a so ya yi kallo sam, ɗan shekara 2 kar ya wuce awa 1. Jariri da bai shekara ba shi ma babu kallo, kuma ana so a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke aƙalla minti 30 a yini kafin ya fara rarrafe, ana kallonsa, don wuyansa da bayansa su yi ƙwari.

Yanzu ki lissafa na Hanif da kanki. 11 na dare zuwa 6 na safe awa 7 ne, in ya yi awa 1 da rana ya zama 8, kin ga saura awa 2 kafin ma ya taɓa mafi ƙarancin abin da ake so. Ni a ganina nan ne babbar matsalarki ba wayar ba ma tukunna, duk da dai suna haɗe. Yaro in barci bai ishe shi ba ba ya yin lagwas kamar babba, rigima yake yi da kuka da duka da ƙin cin abinci, sai a ce ya cika fitina alhali gajiya ce. Kuma hasken waya da dare na jinkirta sinadarin melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki in duhu ya yi, wanda shi ke kawo jin barci, ga kuma bidiyon nan da ɗaya na ƙarewa wani ke farawa da kansa, yaro ba shi da ƙarfin da zai ce ya isa haka.

Shawarata ki fara da abu ɗaya kawai, daga an yi sallar isha'i babu waya a hannunsa. Kwanakin farko zai yi kuka sosai, ki daure, ki gaya ma babansa tun da rana don kar ke ki hana shi ya bayar.

Baban Walid (Daura):
Anti Nas na gode da bayani amma ni fa ina da ja. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar nan sun taɓa kwana a Daura a watan Afrilu babu wuta? Zafi ya haura digiri 40 da rana, bango ya sha rana ya yini yana fitar da ita har tsakar dare, ka sa yaro a gidan sauro ƙarfe 8 ka ce ya yi barci? Ai ko babba ba zai iya ba. Mu sai wajen 10 iska ke ɗan sanyi a shimfiɗa tabarma a waje.

Sannan maganar wasa, ni ban ga yaron Bahaushe da ke buƙatar a ƙirga mashi minti ba. Ku zo unguwarmu bayan la'asar ku ga yara, wannan na tura taya da kara, waɗancan na langa, ƙanana na tuwon ƙasa, wasu sun bi awaki har bakin kasuwa sai an je nemansu. Awa 3 ma kaɗan ce a wajensu. Matsalar ta ƴan birni ce masu get da makulli, kuma ban ga laifinsu ba don zamanin ya canza, kowa na tsoron a ɗauke mashi ɗa, ga ababen hawa. Amma in ka kulle yaro cikin gida ka hana shi waya kuma, to mi zai yi? Uwa na aiki, ba ta da mai taya ta, wayar ce ke riƙe mata shi har ta sauke tukunya. Ni gani nake a daina ɗora ma mata laifi da lissafin awanni. Kuma Walid ɗina a waya ya haddace ƙananan surori da alifun ba'un, ba duka kallo ne sharri ba.

Malama Ƴar Nazare (Layout):
Baban Walid ka yi gaskiya a rabi, amma akwai inda duk ba ku taɓo ba kuma nan ne ni abin ke ci mani rai, wato makarantar ita kanta. Ina koyar da ƴan aji ɗaya na nazare kuma zan faɗi abin da nake gani da idona. Yaro ɗan shekara 3 ana kawo shi kafin 8, ya zauna a benci ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa tana lilo, a riƙe mashi hannu yana bin ɗigo-ɗigo a littafi, a maimaita haruffa da ƙarfi, a sake maimaitawa, tara ta minti 20 ko 30 ce kuma rabinta a cin abinci take tafiya. Makarantu da yawa gidan zama ne aka mayar da ɗakunan azuzuwa, filin wasan bai wuce inda mota biyu za su tsaya ba, lilo ɗaya ga yara fiye da ɗari, wani ma ya karye an ɗaure shi da waya. Sai yaro ya yi awa 4 zuwa 5 yana zaune ana ce mashi ya naɗe hannu ya yi shiru. Ya koma gida ya tafi Islamiyya ya sake zama awa 2 a tabarma. To ina awa 3 ɗin motsin za ta fito? Iyaye suna ganin yaro ya fita tun safe ya dawo a gajiye sai su ɗauka ya yi wasa, alhali gajiyar zama ce.

Abin da ya fi bani takaici, tsarin ilimi na ƙasa da kansa ya ce a wannan matakin ta hanyar wasa ake koyarwa. Amma ranar da na fitar da yara waje muka yi ƙirga da duwatsu, kowa ya ruga ya ɗebo biyar ya kawo, suna ta ihu suna murna, washegari wata uwa ta zo da littafin ɗanta a hannu tana tambaya me ya sa jiya ba a rubuta komai ba kuma ba a ba da aikin gida ba, ita kuɗi ta biya. Ban ga laifinta ba don haka aka saba mana, in littafi bai cika da jan biro ba to ba a yi karatu ba. Mai makaranta kuma tsoron kar a cire yara yake, sai ya ce Malama a koma aji. Ɗan shekara 3 da aikin gida shafi biyu fa jama'a! Wasu har da jarabawa da matsayi na ɗaya na biyu.

Kuma ina gane yaron da bai yi barci ba tun daga bakin get. Wajen ƙarfe 10 za ki ga kansa ya faɗa kan tebur, fensir a hannu, yawu na zuba a littafi. Ni dai ba na tashinsu, tabarma nake shimfiɗawa a bayan aji in kwantar da shi. Maman Hanif dan Allah ki je makarantarsu ki tambaya minti nawa suke fita waje, kuma in iyaye biyar suka tambaya a taron iyaye da malamai wallahi sai an canza, mu malamai in mun faɗa ba a ji.

Hajiya Kaka (Sabuwar Unguwa):
Jikata ke rubuta mani. Ƴaƴana Allah ya yi maku albarka. Mu da muka yi goyo ba mu san minti ba amma mun san magariba. Rana na faɗuwa ake kiran yara gida, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a tsare yara in dare ya kawo kai, kuma ba ya son hira bayan isha'i. A ci tuwo, a taru wajen tsohuwa, ga ta nan ga ta nanku, kafin Gizo ya gama yaudarar Ƙoƙi rabi sun yi barci a tabarma sai a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Zafin nan da Baban Walid ke faɗa da ma akwai shi, a waje muke kwana, a yayyafa ruwa a ƙasa da yamma, a yi ma yaro wanka, a yi mashi fifita. Abin da babu shi ne fitila mai magana a hannun kowa. Yanzu in na je gidan ɗiyana uwa na kallon tata uba na kallon tasa, to yaro wa zai kalla?

Amma ke Nas an ce mani a cikin takardar taku har da goyo wai kar a goya yaro ya daɗe. Wannan kam ban yarda ba. Goyo ne ya raine mu duka, yaro a bayan uwarsa ya fi kwanciyar hankali, ba ya kuka, tana jin numfashinsa tana jin in jikinsa ya yi zafi.

Anti Nas:
Hajiya Mama Allah ya ƙara girma da lafiya. Eh akwai maganar goyo a ciki amma ba hana shi aka yi ba. Abin da suka ce kar a ɗaure yaro waje ɗaya fiye da awa 1 a lokaci guda, suka kawo misali da keken tura jarirai da kujerar cin abinci da kuma goyo a baya. Manufar ita ce yaron da ke farke ya samu a sauke shi ya miƙe ƙafa, ya yi birgima a tabarma, ya yi rarrafe ya kama bango, sannan a sake goya shi in ana so. Ke ma Mama na san in kin gama daka kina sauke shi ki ba yayyensa su yi wasa da shi. Inda ake jin tsoro shi ne yaro ya yini a baya daga safe har azahar saboda uwa na sana'a ba inda za ta aje shi, ko a bar shi da ƴar aiki ita ma yarinya ta goya shi tana kallo. Kuma tatsuniyar da kika ambata tana cikin takardar, sun ce in yaro zai zauna to gara ya zama ana karanta mashi ko ana ba shi labari. Bambancinta da katun shi ne yaro na tambaya ana amsa mashi, yana kallon bakin mai magana, a nan yake koyon harshe.

Baban Walid kai kuma maganarka ta yaran unguwa bincike ma ya ɗan goyi bayanka. A 2024 an fitar da wani nazari da masana na jami'ar Wollongong ta Ostareliya suka jagoranta, yara wajen 7,000 ƴan shekara 3 zuwa 4 daga ƙasashe 33, an ɗaura masu ƙaramar na'ura mai auna motsi ba wai tambayar iyaye kawai aka yi ba. Waɗanda suka cika duka ukun, wato wasa da barci da iyakar kallo, kusan 14 ne cikin 100. Na Afirka sun fi, kusan 1 cikin 4, nahiyar Amurka ce a ƙasa. Amma ka lura ko a Afirkar 3 cikin 4 ba su cika ba. Kuma ina roƙonka ka duba yaran da kake gani a waje bayan la'asar, maza nawa ne mata nawa? Yarinya ƴar shekara 4 sau da yawa tana ciki an ce ta zauna kusa da ƙaninta. Surorin da Walid ya haddace kuma Allah ya sa albarka, irin wannan in kana zaune tare da shi kuna maimaitawa ya fi a bar shi shi kaɗai, sai dai shi ma cikin awa 1 ɗin yake shiga. Zafi kuwa gaskiyarka ne, shi ya sa a watannin nan barcin rana ke da muhimmanci, ƙailula bayan azahar tana cike giɓin tunda da ita ake lissafi, kawai kar ta kai har yamma lis don sai ta cinye na dare.

Maman Hanif (Ƙofar Ƙaura):
Na gode ƙwarai wallahi, Mama Hajiya Allah ya bar mana ku. Na nuna ma babansu kuma ya yarda da maganar waya bayan isha'i, har ya ce shi zai riƙa fita da shi ƙofar gida in ya dawo da wuri. Abin da ya rage mani shi ne Islamiyyar, in na hana shi zuwa don ya yi barcin rana ya yi wasa, kakarsa ta wajen uba ba za ta ji daɗi ba, cewa za ta yi ana hana yaro karatun addini ana kai shi boko. Malama ke ya kike gani, ɗan shekara 3 da wani abu dole ne ya yi duka biyun kullum?

Malama Ƴar Nazare (Layout):
Ba dole ba ne ƴar uwa, kuma ba sai kin cire shi ba. Ki je da kanki ki samu malamin ajin nasu cikin girmamawa, ki ce yaron ƙarami ne ko za a riƙa sallamar ƴan ajinsu bayan awa 1 su yi wasa a harabar har yayyensu su tashi, malamai da yawa sun fi son haka don su ma ƙananan nan hana su karantar da manya suke. Ko kuma ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi da babu boko, sauran ranakun yayarsa ta biya mashi a gida bayan magariba, lokacin da da yake riƙe da wayarki. Kakarsa kuma kar ki je mata da maganar Hukumar Lafiya, ki bar babansu ya gaya mata yaron na barci a aji ne a duka makarantun biyu, ki ga in ba ita da kanta za ta ce a bar mata shi ya kwanta a ɗakinta da rana ba. Tsakar gidan ma ko ƙarami ne ki matsar da durom ɗin gefe, ki zana mashi layuka da gawayi ya yi ta tsallakawa, ki ba shi ƙaramin bokiti ya riƙa kai maki ruwa madafa, duk cikin lissafin yake.

Baban Walid (Daura):
Anti Nas na duba yau da na dawo daga masallaci, yara fiye da goma a layinmu mata biyu ne kawai a ciki, su ma aike aka yi masu. Zan yi magana da mai unguwa a kan filin da ke bayan masallacin, in aka share shi aka kwashe kwalabe aka hana ƴan mashin ratsawa, matan layin za su iya yin karɓa-karɓa, yau wannan ta zauna da yara gobe waccan. Ko akwai wanda unguwarsu ta taɓa gwada irin haka ya gaya mana yadda suka tsara shi?